Adon Ɗakin Yara

Injiniya ba injiniya ba ne, mai gyaran wutar asibitin ne kawai, amma shekara goma sha tara ana kiransa haka har ya gaji da musu. Ran Litinin da hantsi aka aiko masa cewa fanka ta tsaya a ɗakin yara. Ya saɓi tsani ya tafi. Yana tura ƙofa ya yi turus, baki buɗe.

An yi wa ɗakin ado saboda hutun ƙarshen shekara. Ƙananan fitilu masu ƙyaftawa sun nannaɗe labule, sun bi ƙarfen gadaje. An yayyaga auduga an liƙa a jikin wayarsu, wai gajimare. Tukunyar kashe gobara kuwa an naɗe ta da takarda mai ƙyalli, har da ɗaurin zare kamar kyauta. Abin da ya fi tsaya masa a maƙogwaro shi ne soket ɗaya tilo a bayan gado na huɗu, an cusa masa jone-jone har biyar, kuma a nan aka jona na'urar da ke ba wata yarinya iskar numfashi.

"Sista!" ya kira shugabar ɗakin. "Wa ya yi wannan aikin?"

Ta fito tana murmushi. "Ya yi kyau ko? Kwana biyu muka yi a kai."

"Auduga a kan waya, waya a kan labule, ga iskar oksijin a gefe. Ashana kaɗai kuka rage."

Murmushin ya ɗauke. "Haba Injiniya, kai ba ka faɗin alheri ne? Yaran nan wata guda suna kallon farin bango. Jiya har wanda ba ya cin abinci ya yi dariya."

"Ni ma ina son dariyarsa, shi ya sa nake magana. Ƙofar baya fa? Wa ya jingina mata allo?"

"Ai ba a bin ta."

"Ranar da za a bi ta ba ta yin sallama!"

Sista ta ce fanka aka kira shi ya gyara, ba tarbiyya ba. Ya ajiye tsani ya wuce ofishin babban likita yana huci. Likita ya saurare shi, idonsa na kan takardu, sannan ya ce, "Ku fahimci juna mana, ku duka manya ne. Ka rubuto a takarda, za mu duba bayan hutu."

"Ranka ya daɗe, wuta ba ta zuwa hutu."

Likita ya yi dariya kamar an ba shi labarin barkwanci. Injiniya ya fito yana magana shi kaɗai, har masu jiran magani suna matsa masa hanya.

Yana dawowa ɗakin, kakar yarinyar gado na huɗu ta yafito shi. "Ɗan nan, tun ɗazu nake jin ƙaurin roba. Na faɗa musu, sun ce hancin tsufa ne."

Ya durƙusa ya leƙa. Soket ya yi baƙi, gefensa ya narke yana ɗiga, wani siririn hayaƙi yana hawa labule. Ya ɗaga kai ya ga dalilin da ƙararrawar gobara da ke saman ɗakin ba ta yi kuka ba: an hura safar hannu, an zana mata fuska, an rufa wa ƙararrawar a kai.

"Sista, kawo tukunyar iska yanzu!"

Wannan karon ba ta yi gardama ba. Ta mayar da bututun numfashin yarinyar kan tukunyar, shi kuma ya kashe layin wutar, ya fizge labulen ya tattake inda ya fara ci. Yatsunsa biyu suka ƙone suka tashi.

Sista ta tsaya tana kallon robar da ta narke. Can ta ce, "To ai da ka yi mana bayani yadda za mu gane."

Injiniya ya buɗe baki zai mayar mata. Kaka ta ce, "Haɗiye, ɗan nan. Mai gaskiya ba ya rasa ciwon kai."

Har la'asar yana kan tsani. Ya cire auduga, ya yaye wa tukunyar gobara rigarta, ya janye allo daga ƙofa. Da ya ga yaran sun yi tsuru-tsuru suna kallon ana kwashe musu kaya, sai ya je sito ya ɗauko fitilu masu batir ya jera a saman bango, nesa da labule. Sista da kanta ta ɗaure masa yatsun, tana yi tana cewa bai iya tsayawa wuri ɗaya ba.

Yana naɗe tsani wata nas ta leƙo daga ɗakin haihuwa.

"Injiniya, don Allah kana da ashana? Kyandir muka samo guda talatin, za mu jera a taga."

Ya dube ta, ya dubi bandejin hannunsa.

"Wuce mu je," ya ce. "Kada ki taɓa komai sai na iso."