Takin da Barira Ta Shanya

Shekarar da buhun takin zamani na kamfa ya gagari talaka, tiya huɗu kacal Mati ya iya aunowa a kasuwar Bagwai. Ga shi kuwa ya dasa duk irin tafarnuwarsa a fangulan noman rani na gefen tudu, kuma da ita gidan zai ci har damina ta faɗi.

Malamin gona, Ja'afaru, ya ba shi wani baƙin gari a 'yar leda, ya ce taki mai rai ne, in aka cuɗa shi da takin gida, ɗan kamfan nan zai wadatar. Mati ya miƙa wa matarsa Barira ta adana.

Da ta kwance ledar sai ta ji danshi. A gidan da Barira ta tashi ba a ajiye abu da danshi. Kuka, kuɓewa, barkono, duk sai sun ga rana. Ta baza garin a faifai bisa katanga, kwana biyu, har ya bushe ƙarau, ta mayar ta ƙulle. Ba ta faɗa wa kowa ba, don shanya ba labari ba ce.

Mati ya karɓi garin, ya cuɗa da takin gida da kamfan, ya zuba a gona. Bayan sati shida ganyen tafarnuwar ya tsaya siriri, bakinsa rawaya. Ja'afaru ya zo, suka zauna a zaure. Barira tana tankaɗe a tsakar gida, tana jin su.

"Baba Mati, abin ya ɗaure min kai," in ji Ja'afaru. "Irin garin nan na ba maƙwabcinka Ɗanliti, tasa kuwa ta yi kyau. Ko rana ta bugi garin? Na gaya maka akwai ƙananan halittu a ciki, zafi na kashe su."

"Ka faɗa. Ni me zai kai ni shanya taki, daddawa ce?" Mati ya yi 'yar dariya. "Wajen mai ɗakina yake, ko allura ba ta lalacewa a hannunta."

Rariya ta tsaya a hannun Barira. Ta daɗe tana kallon katangar.

Ta yi shiru da maganar har aka haƙe tafarnuwa. Kawunan ba su fi gurjiya girma ba. Gonar da kan ba da buhu biyar, bana buhu ɗaya ya ƙi cika. Barira ta zauna a inuwa ta tsince masu ɗan dama-dama a kwano, don irin baɗi.

"Malam," ta ce wa Mati, kanta a ƙasa, "garin takin nan, ni na shanya shi."

Mati ya dube ta, ya dubi rumbun da hatsinsa ya kusa ƙarewa.

"Na san halinki da rana," ya ce a hankali. "Ni ne ban gaya miki ba."

Ya sunkuya ya ɗauki kwanon irin, ya juye shi cikin buhun kasuwa. Ko da hakan buhun bai cika ba. Barira ta miƙa masa igiya ya ɗaure bakin.