Kukan da Na Yi wa Gyamfua Tana Raye

Ranar Talata ce da hantsi, ina tsakiyar ɓare rogo, wayata ta yi ƙara. Na goge hannu a zane na duba. A zauren waya na matan cocinmu aka turo hoto. Abena Gyamfua ce, cikin farin leshin da ta saka ranar bikin jikarta, an kewaye ta da baƙi da ja, launin makoki a wajenmu, an rubuta shekarunta saba'in da huɗu, an jera sunayen 'ya'yanta biyar ba a tsallake ko ɗaya ba. Can ƙasa ga lambar da za a tura gudummawar jana'iza.

Gyamfua ƙawata ce tun muna 'yan mata muna tallan busasshen kifi a tashar Mampong. Aure ya kai ta Effiduase, ni ya bar ni a Nsuta, amma babu haihuwa ko rasuwar da ɗayarmu ta yi ba tare da ɗayar tana zaune a gefenta ba.

Ni kuwa sunana Akosua Frimpomaa, kuma in ana neman mai buɗe kukan mutuwa a yankinmu, ƙofata ake ƙwanƙwasawa. Kukan ba ihu ba ne kawai. Sai ka kira mamaci da sunan uwarsa, da uwar uwarsa, ka yi ta hawa har ka kai garin da kakanninsa mata suka fito. Wanda bai san sunayen ba, gara ya ja bakinsa ya zauna.

Tun da na yi wayo ban taɓa ganin an buga hoton mutum cikin baƙi da ja yana numfashi ba. Kafin a buga irin wannan sai dangi sun zauna, sun yi gardama a kan sunan wa zai zo farko, sannan a kai wa mai buga takardu a Kumasi. To me zai sa in yi shakka? Abin da ya fara zuwa mini ma ba hawaye ba ne, fushi ne. A ƙa'ida dangin mamaci mutum biyu suke turowa da kwalbar giya su sanar da irina. Wato ni za a bari in ji mutuwar Gyamfua a waya kamar wata bare? Daga baya kowa ya yi ta tambayata me ya hana in kira lambarta. Wa ke kiran wayar gawa?

Na tura hoton zaure uku, na haɗa da saƙon murya ina sanar da rasuwarta. Na ɗaura baƙin zanena, na ɗaure kai da ja, na bar rogon nan a tsakar gida na tari mota.

Daga bakin titin Effiduase na ɗora hannu biyu a ka na fara. Kafin in kai kwanar gidansu mata sun fi goma a bayana suna amsawa, domin duk wanda ya ga Frimpomaa da baƙin zane ba ya tambaya. Na ga ba a kafa rumfa ba, ba a jera kujeru ba, na ce a raina wannan sakacin 'ya'yan zamani ne, sai kukan ya ƙaru. Na tsaya a tsakar gida na kira ta, na kira uwarta, na kira kakarta, na bi su har ta bakwai. Ban taɓa yi wa kowa kuka irin na ranar ba, don ranar ba aiki nake yi ba, zuciyata ce ta tsage.

Na dire kukan ke nan labule ya ɗaga. Gyamfua ta fito da tawul a kafaɗa, tana tauna asawaki.

Matan nan suka watse kamar kaji, wata har da barin takalmi. Ni kaɗai na rage a tsakar gidan.

Ta cire asawakin ta ce, "Frimpomaa, wa ya mutu?"

Na ce, "Ke."

Ta dube ni sama da ƙasa, ta koma ɗaki ta saki labule. Ko ruwa ba a ba ni ba a gidan nan.

Ashe wasu 'yan damfara ne suka ɗauki hotonta daga inda jikarta ta saka hotunan biki a intanet, suka yi mata ado da baƙi da ja, suka liƙa lambarsu. Amma su ba wanda ya san inda suke. Ni aka sani. Kuma yi wa mai rai kuka a wajenmu kiran mutuwa ne, ba a share shi da "yi haƙuri". Danginta suka aiko, wannan karon mutum biyu cif, cewa ranar Lahadi in zo da farar kaza da dafaffun ƙwai da kwalbar giya a wanke abin da bakina ya jawo. Na ce na ji, kuma hakkinsu ne.

Ranar Juma'a ɗana Ofori ya zo daga Kumasi, fuskar nan tasa ta ma'aikacin ofis a ɗaure. Ya ajiye wani ɗan kwali a kan tabarma. Na buɗe na ga ƙaramar waya mai maɓallai, irin wadda ba ta nuna hoto, ba ta shiga zaure.

"Mama, mun yi magana da Agyei," ya ce. Agyei shi ne babban ɗan Gyamfua. "Ranar Lahadi za ki miƙa babbar wayar a gaban dattawa, ki riƙe wannan. Hankalin kowa sai ya kwanta."

"Kun yi magana. Kai da Agyei. A kan wayar da na saya da kuɗin kokon da na noma a gonata."

"Mama, ba yau aka fara ba. Wancan watan ke kika tura wa mutane wai a kwana da albasa a safa tana maganin hawan jini. Kafin nan wai za a rufe duk wayar da ba ta tura saƙo ga mutum ashirin ba."

Gaskiya ya faɗa, ni na tura, kuma albasar har na gwada. Amma na ciro wayar na buɗe hoton Gyamfua na miƙa masa.

"To ɗan boko, nuna mini. Ina ƙaryar take a nan? Sa yatsanka a kanta."

"Ai ana ganewa, Mama."

"Ta ina?"

Ya buɗa hoton da yatsu biyu, ya matse, ya sake buɗawa. Ya ce lambar da ke ƙasa ba ta Agyei ba ce. Na ce ya karanto mini lambar Agyei da ka. Ya kasa kawo ta. Can ya ce shi dai jikinsa ne ke ba shi in abu ƙarya ne.

"To ara mini jikin naka in riƙa yawo da shi," na ce.

Bai yi dariya ba, ni ma ban yi ba. Gaskiyar magana tsoro nake ji. Shekara saba'in da uku ina gane maƙaryaci daga yadda yake sosa wuya, yau ga ƙarya ta zo ba wuya ba ido, ta sa kayan gaskiya tsaf, ban san ta inda zan kama ta ba. Amma na san me miƙa wayar nan a gaban jama'a yake nufi. An sanar ke nan cewa kan Frimpomaa ya taɓu, a riƙa lallaɓa ta. Daga ranar ba mai sake ƙwanƙwasa ƙofata, maganata kuma ta koma ta yara. Na mayar masa da kwalinsa. Ya saka a jaka ya ce sai Lahadi.

Bayan an taso daga coci aka zauna a tsakar gidan Gyamfua, daidai inda na tsaya na yi kukan. Opanin Amoateng, babban danginsu, yana tsakiya da sandarsa, dattawa huɗu a gefensa. Gyamfua tana kan kujera cikin farin zane, ko inda nake ba ta kalla ba. Mutanen unguwa sun cika bakin ƙofa, har da mai takalmin nan.

Na ajiye kaza da ƙwai da kwalba, na zame zanena daga kafaɗa don girmama dattawa, na durƙusa da gwiwoyin nan nawa masu ƙara. Na ce na kira mutuwa a gidan da ba ta shigo ba, na yi laifi, a roƙar mini Gyamfua. Wannan ban yi shi da rabin baki ba.

Opanin Amoateng ya gyaɗa kai. Sai ya ce, "Saura abu ɗaya, Maame. Yaran sun ce akwai abin da za ki ajiye kusa da ƙwan nan."

Ofori ya matso da kwalinsa. Na miƙe tsaye, na gyara zanena.

"Dattijo, wannan kam ba zan ajiye ba."

Wuri ya ɗauki guna-guni. Agyei ya taso yana cewa, "Maame, da girmanki, ke kika tara wa uwata jama'a..."

"Zauna, ni na yanke maka cibiya." Ya zauna. Na juya wajen dattawa. "Ni ban ƙirƙiri hoton nan ba, turo mini aka yi. Ina roƙon kowa a nan ya ciro wayarsa. Wanda hoton bai shiga tasa ba, ko ya shiga bai tura wa kowa ba, ya ɗaga ta sama mu gani. In an samu mutum biyar, ga tawa."

Ba wanda ya motsa. Wani dattijo ya shiga gyaran zanensa da bai lalace ba.

Na dubi Opanin Amoateng. "Dattijo, kai fa? Matar kawuna ta ce daga wajenka ya iso mata, har da hoton kyandir na ta'aziyya."

Opanin Amoateng ya yi tari. "Ni ina Accra ranar, wajen likita. Na ɗauka an yi ne bayan tafiyata."

"Kai babban dangi ke nan, wanda ba a buga hoto sai da izininka. Ka gani ka yarda. Ni ce za a ce kaina ya taɓu?" Na juya wajen jama'a. "An yaudare ni, ban musa ba. Kuma ku ji da kyau, za a sake yaudarata, domin har yau ba wanda ya iya nuna mini inda ake gane abin nan, har ɗana mai takardu. Daga yau zan kira kafin in tura, ko wayar gawa ce zan kira. Amma bambancina da ku ɗaya ne. Ku kun ga Gyamfua ta mutu kun tura kyandir kun ci gaba da cin sakwararku. Ni na hau mota. In don wannan za a karɓe wayata, sai dai a ɓamɓare ta daga hannuna a gaban mutanen nan."

Ofori ya tsaya da kwali a hannu, ya rasa gaba ya rasa baya. Na ji tausayinsa, amma ban nuna ba.

Sai Gyamfua ta miƙa hannu ta ɗauki ƙwai ɗaya. Ta ƙwanƙwasa shi a hannun kujera, ta ɓare a hankali, ta ci. Wanda aka yi wa laifi in ya ci ƙwan, magana ta mutu. Ta share baki, sannan ta yi magana, ba ni take kallo ba, Agyei take kallo.

"Agyei, wace ce ta haifi uwata?"

Ya ce, "Nana Pokuaa."

"Ita kuma wace ce ta haife ta?"

Ya duba ƙannensa, suka duba ƙasa.

"Tun daga kwanar gida na ji muryar Frimpomaa ranar nan," in ji Gyamfua. "Na san ni take kira. Ina bayan labule a tsaye, da na so da na fito tun tana bakin ƙofa. Na bari ta gama. Bakwai ta kira, ni kaina biyar na sani." Ta juyo gare ni a karo na farko, idonta ya yi ja. "Kwana biyar ina fushi. Rabi da ke nake yi. Rabin kuwa don na gane in kika riga ni tafiya, haka za a binne ni shiru kamar wadda ba ta da uwa. Kai Ofori, mayar da abin wasan yaran nan jakarka."

Ya mayar. Dattawa suka buɗe kwalba aka zuba wa ƙasa nata don kakanni, aka kai kaza bayan gida.

Da jama'a suka ragu ta jawo ni kusa da kujerarta, ta nuna wayar da ke hannuna da haɓa.

"Abin nan yana ɗaukar murya, ko? Ki sake yi mini a ciki, ki tura wa yaran nan su haddace."

"Allah ya kiyaye. Kaza ɗaya gare ni, kuma kun yanka ta."

"Frimpomaa, roƙonki nake yi."

"Sunayen zan faɗa musu da baki, su zo Nsuta su zauna a ƙasa su koya. Amma kukan, ba na yi wa mai rai sau biyu. Ki mutu tukuna."

"In kika riga ni fa?"

Ta ɓare ƙwai na biyu ta raba, ta miƙo mini rabi, muka zauna muna ci.