Motar da Ke Kashe Ido

Opanyin Frimpong ya tsufa yana koyar da lissafi a Kumasi, ɗalibai na shiga taitayinsu da sun ji takunsa, amma a gaban Maame Dufie mai sayar da dokunu, tuwon masara, da soyayyen kifi, ko gaisuwa ba ya iyawa. Matarsa ta rasu, ita ma mijinta ya rasu, kuma yana sonta ba kaɗan ba. Faɗar ce dai ta gagara.

Motarsa ce ke rufa masa asiri. Tsohuwar 'yar Japan ce, ja, irin wadda fitilunta ke kwance cikin bonet, sai an kunna su ɗago kai. Ɗan injin da ke ɗaga ta hagu ya gaji: ta dama ta buɗe tar, ta hagu ta leƙo ta koma. Kullum da la'asar in ya zo daidai rumfar Maame sai ya taɓa makunni, mota ta kashe mata ido, ita kuma ta yi dariya ta ɗaga masa ludayi. Zancen ranar ke nan, ya koma gida ya ci abinci da marmari.

Wata Asabar ya bar motar a garejin Bonsu, ɗan ƙanwarsa, don a canza baƙin mai kawai. Da ya dawo sai ya tarar da shi yana washe baki, hannu duk giris.

"Kawu, na yi maka wani aiki kyauta. Haƙoran giyar fitilar ne suka cinye. Na sa ta tagulla, na daidaita sandar da ke ɗaga fitilar. Kunna ka gani."

Ya kunna. Fitilu biyu suka miƙe tare, ba wadda ta riga wata.

"Wa ya aike ka?"

"Ai mutane dariya suke maka, Kawu."

"Mayar min da tsohuwar."

"Tana cikin kwata tun safe."

Daga ranar, in ya taɓa makunni sai motar ta zuba wa Maame ido kamar ɗan sanda a shingen hanya. Ludayi ya daina tashi. Opanyin ya shiga damuwa, abinci ma ya fita ransa.

Ran nan Maame ta fito bakin titi ta tare shi, ta jingina da taga.

"Opanyin, me na yi wa motarka ta daina kula ni?"

Sai ya tattara duk ƙarfin halinsa ya ce bari ya kashe mata idon da kansa. Ya yamutsa kunci, ya matse fuska, idanun biyu suka rufe ruf. Ya sake gwadawa, suka sake rufewa tare.

Ta tsaya tana kallonsa.

"Kai ma Bonsun ne ya gyara ka?"

"Maame, ni..."

"Bari haka, kar ka ji wa fuskarka ciwo. Na gane. Kashe motar ka shigo, kifin da zafinsa."