Sagir Mai Minti Ɗaya

Sagir yana gyaran waya a wani ɗan shago a Ƙofar Marusa, amma in ka kai masa wayarka sai ka yi haƙuri, don hankalinsa yana kan tasa. Wasan ces, wato darar Turawa, yake bugawa a intanet, irin na minti ɗaya, wanda kowane ɗan wasa daƙiƙa sittin kacal gare shi. Wanda lokacinsa ya ƙare ya faɗi, ko da shi ke da rinjaye.

A nan duk gwanintar Sagir ta tsaya. Ba ya tunani, yatsa ne ke aiki. Sai ya yi ta jefa wa abokin wasa doki da sojoji a banza, shi kuma ya tsaya mamaki, kafin ya farga lokaci ya cinye shi. Da haka makinsa ya haura dubu biyu da ɗari huɗu, ya buga wasa sama da dubu talatin, ya ci fiye da rabi. Ya buga hoton makin a takarda ya manna a bangon shago. In ya ci, sai ya ce ya kayar da wani Bature. In an ci shi kuwa, sabis ne ya ɗauke.

Wata rana Malam Sa'idu, tsohon ma'aikacin safiyo da ya yi ritaya, ya kawo wayarsa gyara. Ya zauna kusan minti arba'in yana kallon yadda Sagir ke dangwalar gilashi kamar kaza na tsattsagar gero. Da ya gaji sai ya ce, "Sagir, wannan ai ba ces ba ne, tseren yatsa ne."

Maganar ta soki Sagir, musamman da yake a gaban abokansa aka yi ta. Ya ce wa dattijon ya faɗi rana da wuri. Aka tsayar da Asabar bayan la'asar, a ƙofar gidan Malam da ke Ƙofar Durbi, kowa minti goma.

Sagir ya zo da abokansa biyar, ɗaya har yana ɗaukar bidiyo. Malam ya shimfiɗa tabarma, ya fito da tsohon allonsa na katako. Cikin daƙiƙa arba'in Sagir ya yi tafiya goma sha biyu, a ta sha uku ya rasa sarauniyarsa. Malam bai yi gaggawa ba, kuma bai tsorata da hayaniyar ba. Duk abin da aka miƙo masa a banza sai ya duba, ya ɗauke, ya ajiye gefen tabarma, har ya cinye wasan. Aka yi na biyu, haka. Mai bidiyo ya mayar da wayarsa aljihu.

A wasa na uku, da Sagir ya ga an ritsa sarkinsa a lungu, sai hannun rigarsa ya share rabin allon. Ya ce kuskure ne, a sake daga farko.

"Babu komai," in ji Malam. "Na san inda kowanne yake."

Ya tsince su ɗaya bayan ɗaya, ya mayar da kowanne gidansa, sannan ya ƙarasa shi a tafiya biyu.

Sagir ya ce allon katako yana ruɗa masa ido, in Malam ya isa su buga na minti ɗaya a waya. Malam ya yarda. Yatsunsa ba su saba ba, lokacinsa ya ƙare yana da sarauniya da dawakai biyu, Sagir kuwa sarki da soja ɗaya suka rage masa. Duk da haka Sagir ya miƙe yana ɗaga hannu.

Wannan wasan kaɗai yake ba mutane labari a shago. Malam Sa'idu kuwa duk Asabar sai ya aika masa cewa an shimfiɗa tabarma, kuma duk Asabar sai a tarar Sagir yana da wata tafiya Batagarawa da ba ta ɗaguwa.