Fentin Bayan Hadi

"Tsaya, Malam, kada ka sa rigar," in ji Zahara'u. "Mene ne wannan a bayanka?"

Hadi ya tsaya da riga a wuya. Matarsa ta ɗora yatsa tsakanin kafaɗunsa, inda hannunsa ba ya kaiwa. Fenti ne kore, mai mai, faɗin tafin hannu, ya bushe ƙamas. Jiya ya dawo daga Gwaram, inda ya yi wa wani gida fenti.

Da asuba ya yi wankan janaba, ga shi ashe ruwa bai taɓa wannan wurin ba. Wanka da lam'a, wato wurin da ruwa ya tsallake, kuwa bai cika ba, sallar asubar ma sai ya rama. Kuma yau Juma'a, ga masallacin Birnin Kudu an fara kiran farko. Juma'a biyu a jere aiki ya tsare shi a ƙauye bai samu ba. Ta uku kam ko a mafarki ba ya son ta wuce shi.

"Kawo soso! Yi sauri mana!"

Ta goga da soso da sabulu, ta koma toka, ta kankara da bayan cokali. Fata ta yi ja wur, fenti ko gezau. Hadi dai mutum ne mai cika baki cewa fentinsa ba ya tashi, yau kuwa ya ga gaskiyar maganarsa.

"Babu kalanzir a gidan nan?"

"Rabonmu da kalanzir tun yaushe? Ni dai da ka sa rigarka ka tafi. Wa zai leƙa bayanka?"

"Wanda zan je dominsa fa?" ya ce a fusace.

Ya fita tsakar gida daga shi sai zani, ya cire tiyon babur ɗinsa, ya tsiyayo fetur a gwangwani. Da tsumma ta dinga dirza yana cije leɓe don zafi. Gwangwani ɗaya bai isa ba, ya ƙaro na biyu. Liman ya yi nisa a huɗuba kafin koren ya fita tas.

"To wanke wurin kawai da niyya, ai ya isa," ta ce. "Kai da bakinka ka koya mini."

Ya san haka ne. Amma zuciya ta ƙi. Ya ɗauki bokiti ya shige banɗaki, ya faro wankan daga tushe. Ya wanke hannuwa, ya yi tsarki da niyya, ya yi alwala, ya tsefe gashi da jiƙaƙƙun yatsu, ya kwara ruwa uku a ka. Ya bi ɓangaren dama yana cuɗawa, ya dawo hagu. Hammata, cibiya, bayan gwiwa, babu inda ya bari. Bayan ma da tsumma ya ja shi, ya sake ja.

"Malam! An kusa tayar da salla!"

Ya fito yana ɗiga, ya zura babbar riga, ya haye babur. Ya buga, babur ya yi tari ya mutu. Ya sake bugawa. A bugu na biyar ya buɗe tanki ya leƙa, ya ga ƙasansa a bushe. Takaici ya cika shi har ya rasa wanda zai zaga.

Ya yar da babur a ƙofar gida, ya tattare riga, ya zuba da gudu. Daga lasifika yana jin kabbarar ruku'u, yana jin ta sujada, yana ƙara mai da ƙafa.

Yana shan kwanar ƙarshe ya ci karo da jama'a suna naɗe dardumansu. Ya tsaya yana haki, bayansa na raɗaɗi. Wani dattijon unguwarsu, Alhaji Maikuɗi, ya hango shi, ya matso da fara'a ya miƙo hannu.

"Malam Hadi, yau dai an samu Juma'a a gida. Allah ya karɓa mana."

Hadi ya daɗe riƙe da hannun dattijon.

"Amin, Baba," ya ce.