Ciyawar Gidan Mista Tully

"Clarrie, ka tambaye shi kuwa?" na ce, ina tsaye a bakin shinge, hannuwana duk garin fulawa.

"In tambaye shi ya ce a'a?" Mijina bai ko ɗago ba, yana tsiyaya kananzir a kan tsumma. "Barci yake, Merle. Kafin ya farka mun gama."

Shi da abokansa ne, su Des mai kanti, 'yan sa-kai na kashe gobara a garinmu, kowa da jiƙaƙƙen buhu a kafaɗa. Haka muke yi a arewacin jiharmu Victoria duk Nuwamba. Kafin zafi ya kankama sai a ƙone ciyawar da ta kewaye gida, don in wutar daji ta taso ta rasa abin ci. Kowa na yi, ban da maƙwabcinmu Ambrose Tully. Shi da lauje yake bin tasa, ya kwashe mako yana haki, in ka yi masa tayin ashana ya dube ka kamar ka zage shi. Mu dai mun bar shi a kan taurin kan tsufa.

To, a shekarar 1955 ƙarfinsa ya ƙare. Ciwon ƙirji ya kwantar da shi, ciyawa ta kai taga. Beryl, 'yar ƙanwarsa, ita kaɗai ta rage masa, ta ce in ta zo ran Asabar ta tarar da gidan haka, za ta kai shi gidan tsofaffin sojoji a Melbourne. Shi kuwa ba abin da yake roƙon Allah sai ya mutu a gadonsa. Ya sha faɗa mini in na kai masa miya. Shi ya sa Clarrie ya tara mutane da safiyar Asabar ɗin. Taimako suka zo yi, wannan ba zan hana su ba.

Wuta ta kama lafiya lau, tana tafiya a hankali, maza na binta suna bugu da buhu. Sai iska ta ɗan juya, hayaƙi ya shiga tagar ɗakin kwanansa.

Ƙofa ta buɗe. Ga Mista Tully da rigar barci, ba takalmi, rungume da kujera. Mutumin da ko kofin shayi sai na riƙe masa! Ya sauko, ya ajiye ta a tsakiyar titi, ya koma. Ya fito da agogon bango. Ya koma, ya jawo katifa a ƙasa.

"Kai, tsoho!" Clarrie ya daka masa kira yana dariya. "Ba gidanka ke ci ba, ciyawa ce! Ina za ka da katifa, ko gwanjo za ka buɗe?"

Ko waiwayowa bai yi ba. Da na ga yana kokawa da keken ɗinkin marigayiya matarsa a bakin ƙofa, na tsallake shinge da gudu na riƙe shi. Na zaunar da shi a kujerar nan, na yafa masa bargo.

"Haba, Mista Tully, me ya yi zafi? Clarrie ne fa da su Des."

"Na san Clarrie ne," ya ce. "Na ji hayaƙi ne kawai, ƙafafuna suka tashi. Haka ake yi, Misis Doyle. In sun zo, suna ba ka ɗan lokaci ka fitar da kaya."

"Su wa?"

"Mu."

Kowa a garin ya san ya je yaƙin Afirka ta Kudu yana saurayi, tun Victoria na ƙarƙashin Sarauniya kai tsaye, ya tafi da dokinsa ya dawo ba shi. Bai taɓa ƙara komai a kai ba. Ranar ce ya ƙara, idonsa a kan wutar.

"Mun ɗauka harbi za mu yi da mazan Boer. Manoma ne irinmu, ga tumaki ga shanu. Da suka gagari kamu, sai aka ce a ƙone gonakinsu. Hafsan Ingila ya ce ku 'yan daji ai kun fi kowa sanin wuta da iska, sai ya miƙo mana ashana. Kuma gaskiyarsa, na iya. Ban taɓa kunnawa ta mutu ba." Ya yi tari mai tsawo. "Akwai wata mata. Ta fitar da kujerarta ta zauna da yarinya a cinya. Ba ta yi kuka ba. Da na zo wucewa da tsumman kananzir, har janye ƙafarta ta yi don kada in yi tuntuɓe."

Allah sarki. Clarrie na tsaye a bayanmu, buhu na ɗiga a kan takalminsa, dariyar ta tafi.

Daidai nan motar Beryl ta shawo kwana. Da yamma muka sa ran zuwanta, sai ga ta tun hantsi. Ta taka burki saboda katifa ta tare hanya. Ta fito, ta dubi agogo a ƙasa, ta dubi kawunta zaune a tsakiyar titi da rigar barci.

"Kawu, ka san inda kake?"

"Sarai. Ina ƙofar gidana."

"To me ya fito da kayanka waje?"

Na ce, "Faɗa mata mana, Mista Tully!" Ya girgiza kai. Ni na faɗa mata, har da ɗaga murya, na ce hankalinsa ya fi nawa da nata. Ta ce, "Misis Doyle, na gode da miya, amma ba ke za a tambaya ba in ya faɗi a titi mota ta bi ta kansa." Raina ya ɓaci ƙwarai.

Clarrie ya mayar da kayan ɗaya bayan ɗaya, ya rataye agogo, ya ƙi yarda kowa ya kama masa. Fili ya yi fes, ba tsinken ciyawa ko ɗaya. Likita ya zo ran Litinin, ya ji labarin katifa, ya goyi bayan Beryl. Ran Talata suka tafi da shi. Ya sa kwat ɗinsa na zuwa coci, ya miƙa wa Clarrie hannu ta tagar mota.

"Aikin ya yi kyau," ya ce. "Sai dai ka riƙa duba iska."

Bai kai Kirsimeti ba. Beryl ta bugo waya kantin Des, shi ya aiko a faɗa mana. Ta ce a ɗaki mai gadaje da yawa ya cika, ba wahala, an binne shi can da tuta a kan akwati. Clarrie ya ji, ya ajiye cokali, ya fita bayan gida. Ban bi shi ba.

Kajinsa ni na kwaso na haɗa da nawa, ina zuba musu alkama safe da yamma. Suna ci kuwa. Amma da rana ta yi sanyi sai su bi ta ƙarƙashin shinge, su ratsa baƙar ƙasar nan a jere, su hau matakalar ƙofarsa su kwanta.