Bigilar Kofur Ɗanmaraya

Mahaifinmu, Sajan Ummaru, ya rasu da hantsin wata Talata, kafin la'asar mun kai shi makwancinsa. Ya haura shekara tamanin da biyar. Wannan ne karo na farko da aka yi wani aiki a gidansa na Dutsin-Ma bai duba ya ce a sake ba.

Ya shiga soja yana saurayi, ya yi yaƙin basasa, ya dawo da ƙafafunsa biyu da kunne ɗaya mai aiki. Labarin yaƙin bai taɓa ba mu ba. Abin da ya yi mana tsaraba da shi daga can shi ne shara da layi. Mun taso muna jeruwa a tsakar gida yana duba farce da wuyan riga, kunyoyin gonarsa ta Dabawa ma sai sun miƙe kamar masu fareti. Da jikoki suka zo, dokar ta yi ritaya. Mutumin da ya sa ni tsallen kwaɗo saboda na bar tsintsiya a hanya, shi na tarar wata jikarsa tana ɗaura masa ɗankwali, ya zauna cik har ta gama.

Ranar sadakar uku muna zaune a ƙofar gida, ɗan kabu-kabu ya sauke wani tsoho sanye da kakin da ya koɗe. Kofur Ɗanmaraya ne daga Ɗantutture, abokin Baba tun a bariki. Ya rungume wani abu a cikin buhu.

"Wa ya ce ku rufe shi ban zo ba?"

Yayanmu Malam Zaharaddin, limamin unguwa, ya ce, "Baba Kofur, gawa ba ta jira. Mun yi ta kiran wayarka."

"Tana wurin caji a Kurfi tun ran kasuwa."

Ya buɗe buhun ya ciro bigila, ƙahon nan na soja, duk ta lotsa. Ya ce a cikin ramin ɓuya a fagen daga suka yi alkawari shi da Sajan: wanda ya yi saura zai busa wa ɗan'uwansa a bakin kabari.

"Baba, maƙabartar Musulmi ce, ba filin fareti ba," in ji Zaharaddin. "Mamaci addu'a yake buƙata."

"Addu'a tun a bisa babur nake yin ta. Wannan alkawari ne, yaro."

Nan take masu ta'aziyya suka rabu gida biyu. Har wani da bai san marigayin ba ya gyara zama ya fara kawo hujja.

Inna ce ta aiko a kira mu. Tana takaba, daga bayan labule ta yi magana. Ba ta faɗin sunan ɗan fari, Liman take ce masa.

"Liman, tun ina amarya nake jin zancen ƙahon nan. Duk sallah sai sun zauna a zaure suna gardamar wanda zai riga wani. Ka bar shi ya busa. In da laifi, ni na sa."

"Inna, mutane za su ce..."

"Mutane sun ci shinkafa, yanzu za su tafi."

Bayan la'asar na ɗauki Kofur da Zaharaddin a motata zuwa maƙabarta. Zaharaddin ya ce rakiya kawai ya zo, ya kuma tsaya nesa kaɗan, kamar kabarin wani ya zo dubawa.

Kofur ya ja ƙafafunsa ya haɗe su iyakar yadda gwiwoyi suka yarda. Ya kai bigilar baki. Abin da ba a yi lissafinsa a cikin ramin nan ba shi ne haƙora, don babu ko ɗaya da ya rage masa. Ya busa, iska ta fita ta gefe. Ya sake. Bakin bigilar ya sunkuya ƙasa. Ya tsaya yana haki, yana kallon tarin ƙasar.

"Sajan, yi haƙuri, ina zuwa," in ji shi.

Ban ga lokacin da Zaharaddin ya matso ba. Sai ganinsa na yi ya tallafi gwiwar hannun tsohon, ya kau da fuska gefe, don kada a ce liman ya gani.

Sauti ya fito, gajere, a shaƙe. Ba zan ce kiɗa ne ba. Wata akuya a bayan katanga ta ɗaga kai ta koma kiwonta.

Kofur ya sara wa kabarin. "Na cika, Sajan."

Zaharaddin ya ɗaga hannu ya ja addu'a mai tsawo, da murya fiye da yadda mutum uku ke buƙata.

A mota tsohon ya mayar da bigilar cikin buhu, ya ɗaure bakin tam. Sai da muka kusa tasha ya yi magana.

"Ni dai babu mai busa mani. Liman, kai za ka sallace ni. Kada ka aiko wakili."

"In sha Allahu, Baba."

"Ba in sha Allahun 'yan ofis ba."

"Ni da kaina, Baba," in ji Zaharaddin.